Yadda Likita Mai Aikin Kwangila a Amurka Zai Zaɓi Tsarin Kasuwancinsa

Ranar da likita ya sa hannu a kwangilarsa ta farko ta lokam a Amurka, wato aikin cike gurbi na wucin gadi a asibiti, ya zama ɗan kasuwa a wurin hukumar haraji ta IRS, ko ya sani ko bai sani ba. Asibitin da ya yi wa aiki ba zai cire masa haraji ba, ba zai zuba masa ko sisi a asusun ritaya ba, kuma a ƙarshen shekara maimakon takardar W-2 ta ma'aikata, 1099 za a turo masa. Daga nan sai 'yan'uwa su fara ba da shawara: wannan ya ce buɗe LLC, wancan ya ce ai S-corp ce maganin haraji, wani kuma ya ce je ka yi rajista a Delawe. Ba ƙarya suke yi ba, kowa abin da ya yi masa aiki yake faɗa. Sai dai jiharsu daban, takardun zamansu daban, kuɗin da ke shigo musu ma daban. A ganina, ka fara da tsari mafi sauƙi, kada ka ƙara wa kanka ɗawainiya sai alƙaluma sun nuna kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Duba takardun zamanka kafin komai

Wannan ya fi shafar mu da muka zo daga waje. Bizar H-1B a ɗaure take da wanda ya nema maka ita. Shi kaɗai aka yarda ka yi wa aiki. Ka karɓi aikin 1099 a wani asibiti ranar Asabar, ka karya sharaɗin bizar, kuma rajistar kamfani ba ta wanke wannan. Mai bizar J-1 da ke horon ƙwarewa ta hannun ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, shi ma ba a yarda ya yi aiki a wajen shirin horonsa ba. Haka wanda ke cikin shekara 3 na shirin Conrad 30, wanda aka yafe masa komawa gida a kan zai yi aiki a yankin da ke da ƙarancin likitoci: a kan H-1B yake, dokarta na kansa. Idan kana cikin waɗannan, lauyan shige da fice za ka fara gani, ba akanta ba. Sauran bayanin nan na mai girin-kad ne, da ɗan ƙasa, da wanda ke da izinin aiki marar ƙaidi.

Mataki na 2: Tantance ko kwangilar ce sana'arka, ko ƙari ce

Likita biyu ne ke karɓar 1099. Akwai wanda ya ajiye aikin albashi gaba ɗaya, kwangila yake ci. Akwai kuma wanda yake da albashinsa a wani asibiti, yana ɗan taɓa lokam a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Amsar waɗannan biyun ba ɗaya ba ce, za ka ga dalili a mataki na 5. Yanzu dai ɗauki takarda ka rubuta abubuwa huɗu: albashinka na W-2 idan akwai, abin da kake sa ran samu daga kwangila bayan ka cire kuɗin da aikin ya ci, jihohin da za ka yi aiki a cikinsu, da ko za ka ɗauki ma'aikaci ko ka kama hayar ofis.

Mataki na 3: Raba tambayar gida biyu

Nan mutane suka fi rikicewa. Tambayoyi biyu ne, kuma hukumomi biyu ne ke amsa su. Ta farko: wane irin kamfani ne? Wannan jiha ce ke yi masa rajista. Ta biyu: ta yaya za a lissafa masa haraji? Wannan na IRS ne.

Ta ɓangaren jiha, zaɓi uku ne gabanka. Ka yi aiki da sunanka kawai ba tare da wata rajista ba, wato kasuwancin mutum ɗaya; wannan shi kake kai tun ranar farko idan ba ka yi komai ba. Ko ka buɗe LLC, kamfanin da ke raba bashin kasuwanci da dukiyar mai shi, wadda a jihohi da yawa ake kiran ta masu lasisin sana'a PLLC. Ko ka buɗe kamfanin ƙwararru, PC.

Ta ɓangaren haraji kuwa, LLC mai mutum ɗaya IRS ba ta ma ganin ta. Kuɗinta a takardar Schedule C za ka rubuta, cikin fom ɗinka na 1040, daidai da wanda bai yi rajistar komai ba. Saboda haka LLC ita kaɗai ba ta rage maka haraji ko dala ɗaya. S-corp kuma ba wani irin kamfani ba ne da ake buɗewa a jiha. Zaɓi ne da LLC ko PC ke miƙa wa IRS a fom 2553, cewa a riƙa lissafa mata haraji ta wata hanya. PC da ba ta miƙa wannan fom ba tana zama C-corp: ta biya kashi 21 cikin ɗari a kan ribarta, sannan idan ka ɗebo ribar zuwa aljihunka ka sake biya. Likita shi kaɗai da wuya wannan ya amfane shi, don haka mu ajiye shi gefe.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai sai da LLC ake iya cire kuɗin da aiki ya ci kafin a lissafa haraji. Ba haka ba ne. Kuɗin sabunta lasisi, rajistar DEA ta izinin rubuta magunguna masu ƙaidi, tarukan ƙarin ilimi, inshora, tafiye-tafiyen aiki, duk mai aiki da sunansa yana cire su a Schedule C.

Mataki na 4: San abin da kamfani ke karewa, da wanda ba ya karewa

Babu LLC, PLLC ko PC da za ta tsaya tsakaninka da majinyacin da ya kai ka kotu a kan kuskuren magani. Hannunka ne ya yi aikin, kai za a nema, da dukiyarka. Abin da kamfani ke karewa shi ne basussukan kasuwanci: hayar ofis da aka kasa biya, na'urar da aka ɗauka bashi, rikici da mai kawo kaya, ko kuskuren abokin tarayya da ba ka da hannu a ciki. Likitan lokam da ke shiga asibitin wasu da jakarsa a kafaɗa, ba ofis ba ma'aikaci, kusan duk haɗarinsa na kuskuren magani ne. Garkuwarsa inshora ce.

Don haka kafin ka kashe kuɗin rajista, buɗe kwangilar ka karanta sashen inshora da kyau. Wa ke biya, kai ko su? Nawa ne iyakarta? Abin da aka fi gani shi ne dala miliyan 1 a kan ƙara ɗaya, miliyan 3 a shekara. Sannan wace iri ce? Akwai wadda ke bin ranar da abin ya faru: muddin tana aiki a ranar da ka ga majinyacin, ta rufe ka ko da bayan shekaru aka shigar da ƙara. Akwai kuma wadda ke bin ranar da aka shigar da ƙarar: idan ka bar aikin ta ƙare, sannan ƙara ta zo, ba ruwanta da kai, sai in an sayi ƙarin da suke kira wutsiya. Wutsiyar nan tana da tsada, kuma wanda zai biya ta ya kamata a rubuta shi ɓaro-ɓaro a kwangila. Wannan layi ɗaya ya fi zaɓin LLC ko PC muhimmanci nesa ba kusa ba. Idan kuma ka buɗe kamfani daga baya, gaya wa masu inshorar su saka sunansa, domin lauyan mai ƙara kai da kamfanin zai haɗa.

To yaushe rajistar ke da amfani? Idan za ka ɗauki ma'aikata, ko ka kama ofis, ko ka haɗa gwiwa da wani likita, ko asibitin ya ce shi da kamfani kaɗai yake ƙulla kwangila, ko kuma kana son zaɓin S-corp.

Mataki na 5: Yi lissafin S-corp da alƙalumanka

Nan ne gizo ke saƙar, don haka mu zauna a kai. Mai aikin kansa yana biyan harajin da ma'aikaci da ubangidansa ke rabawa, shi kaɗai: kashi 15.3 cikin ɗari. A ciki, 12.4 na fanshon gwamnati ne, 2.9 na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Dabarar S-corp ita ce kamfaninka ya biya ka albashi, wanda wannan haraji ke hawa, sauran kuɗin kuma ya ba ka a matsayin riba, wadda ba ya hawa. Masu tallata abin sukan ce za ka tsira da kashi 15.3 na ribar. Ga mai gyaran famfo da ke samun dala dubu 90 a shekara, maganar tana kusa da gaskiya. Ga likita, da sauran bayani.

Kashi 12.4 ɗin nan yana da rufi. A 2025 yana tsayawa ne a dala 176,100 na farko. Abin da ya haura ba ya hawa kansa. Albashin da likita mai cikakken aiki zai iya kare kansa da shi a gaban IRS galibi ya wuce wannan rufin. Ke nan wannan kason za ka biya shi cif, da S-corp ko babu. Abin da ya rage a tsira da shi shi ne 2.9 na Medicare, da ƙarin 0.9 da ke hawa kan abin da ya haura dala 200,000 ga mai cike fom shi kaɗai, ko 250,000 ga ma'aurata masu cikewa tare. Jimla 3.8, ba 15.3 ba.

Mu ɗauki misali. Likita mai aure, kwangila kawai yake yi, ya samu dala 400,000 a 2025 bayan cire kuɗin aiki. Idan da sunansa yake, ana lissafi ne a kan kashi 92.35 na kuɗin, wato 369,400. Na fansho zai kama 21,836, na Medicare 10,713, ƙarin nan kuma 1,075. Jimla wajen 33,600. Idan S-corp ce ta biya shi albashin 280,000, na fansho yana nan 21,836, na Medicare ya sauko 8,120, ƙarin ya koma 270. Jimla wajen 30,200. Bambancin kusan dala 3,400 ne. Daga ciki sai ka cire kuɗin kamfanin da zai riƙa fitar maka da albashi kowane wata, da kuɗin akantan da zai cike fom 1120-S na kamfani baya ga naka, da kuɗin jiha. A Kalifoniya, S-corp na biyan kashi 1.5 na ribarta, kuma ba ya gaza dala 800. A misalin nan zai haura 1,500. Birnin Nuyok kuwa bai ma san da zaɓin S-corp ba a harajinsa, kamar kowane kamfani yake cajin ta. Ka ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Idan kuɗin ya kai dubu 600 ko 700, kuma albashin da ya dace da fanninka bai kai rabin haka ba, to nan lissafi ya fara daɗi.

Shi kuma mai albashi a asibiti da ke lokam a gefe, S-corp tana iya jawo masa asara ma. A ce albashinsa 260,000 ne, lokam ya kawo 60,000. Ya riga ya cika rufin fansho a wurin aikinsa, don haka idan da sunansa yake karɓar kuɗin lokam, na Medicare kaɗai zai biya a kai. Amma da zarar S-corp ɗinsa ta biya shi albashin 40,000, ta zama sabon ubangida, lissafin fansho ya faro daga sifili. Kason ma'aikaci, 6.2, zai dawo masa idan ya cike fom a ƙarshen shekara. Kason ubangida, shi ma 6.2, wato dala 2,480, ba ya dawowa har abada. Abin da ya tsira da shi a kan sauran kuɗin bai kai 800 ba. Wannan likita ya zauna da sunansa, ko da LLC marar zaɓin S-corp.

Mataki na 6: Idan ka zaɓi S-corp, kada ka yi wasa da albashi

Wani zai ce to ai sai in sa albashin dala dubu 50, sauran duk riba. IRS ta san wannan hanya tun kafin ka zo. Doka ta ce albashin ya zama daidai da abin da za a biya wani ya yi irin aikin. Akwai shari'ar wani akanta a jihar Ayowa, David Watson, da ya riƙa biyan kansa dala 24,000 a shekara yana ɗibar wajen 200,000 a matsayin riba. Kotu ta ce albashin da ya dace shi ne 91,044, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2012, ya biya cikon haraji da tara. Matsalar likita ta fi tasa ma, domin duk kuɗin da ya shigo kamfanin daga hannunsa ya fito, ba jari ko ma'aikata ne suka samar da shi ba. Nemi alƙaluman abin da ake biyan likitocin fanninka a yankinka, ka daidaita da sa'o'in da kake yi, ka ajiye shaidar yadda ka kai ga adadin.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi masu iyali a gida. Baƙon da ba mazaunin Amurka ba ne a lissafin haraji ba ya mallakar hannun jari a S-corp. A jihohi irin su Kalifoniya da Tekzas, inda doka ke ɗaukar dukiyar da aka samu cikin aure ta miji da mata ce tare, idan uwargida tana Kano ko Zinder ba ta taho ba, hakan na iya ɓata zaɓin gaba ɗaya. Ka faɗa wa lauya wannan tun farko.

Mataki na 7: Tambayi jiharka abin da ta yarda da shi

Ba kowane tsari kowace jiha ta amince wa likita ba. Kalifoniya ba ta yarda likita ya yi aikin likitanci ƙarƙashin LLC ba, sai PC. Nuyok ta yarda da PLLC da PC, amma sai an samo takardar shaida daga ma'aikatar ilimi ta jihar, wadda ke ba da lasisi, sannan PLLC sai ta buga sanarwa a jaridu biyu mako shida a jere cikin kwana 120, abin da ke cin kuɗi sosai a cikin birni. Tekzas tana da PLLC da kuma wani tsari da likitoci suka daɗe suna amfani da shi, PA, wato ƙungiyar ƙwararru. A galibin jihohi masu lasisin sana'ar ne kaɗai ke riƙe hannun jari, saboda haka batun saka ƙanenka ko matarka a takarda bai taso ba sai in su ma likitoci ne.

Maganar Delawe, Wayomin da Nebada kuwa, ka manta da ita. Haraji yana bin inda ka yi aikin ne da inda kake zaune. Ka yi rajista can, jihar da kake aiki za ta ce ka sake yi a wurinta a matsayin baƙon kamfani, ka biya sau biyu. Mai yawon lokam a jihohi huɗu ko biyar ya lura da wannan sosai, domin kowace na iya neman tata rajistar. Shi ya sa da yawa cikin masu yawo suke zama da sunansu kawai.

Mataki na 8: Duba abubuwa uku da kan juya lissafin

Na farko, rangwamen kashi 20 na ribar kasuwanci, sashe na 199A. Aikin lafiya yana cikin sana'o'in da aka taƙaita wa shi. A 2025 yana fara zaizayewa idan kuɗin da ake yi wa haraji ya haura dala 197,300 ga mutum ɗaya, ko 394,600 ga ma'aurata, ya ɓace baki ɗaya a gaba kaɗan. Idan kana ƙasa da wannan layi, ka sani albashin da S-corp ta biya ka ba ya shiga rangwamen, alhali ribar mai aiki da sunansa kusan duka tana shiga. Wannan kaɗai na iya cinye abin da aka tsira da shi a mataki na 5.

Na biyu, asusun ritaya. Mai aikin kansa na iya buɗe 401(k) na mutum ɗaya, da kamfani ko babu. A 2025 kason ma'aikaci dala 23,500 ne, jimla da na ubangida 70,000 ga wanda bai kai shekara 50 ba. A S-corp kason ubangida kashi 25 ne na albashi kawai, ba na riba ba, don haka wanda ya danne albashinsa ya danne abin da zai iya ajiyewa. Wani daɗin irin wannan asusu shi ne kai ke zaɓen inda za a zuba kuɗin, mai gudun riba ta haram yana da damar neman asusun jarin da ke bin Shari'a.

Na uku, jihohi da dama suna barin S-corp ta biya harajin jiha a madadin mai ita, a cire shi daga kuɗin da gwamnatin tarayya ke yi wa haraji, abin da mai aiki da sunansa galibi ba ya samu. A jiha mai tsadar haraji wannan kan rinjayar da sikeli zuwa S-corp. Sa akanta ya lissafa maka duka biyun a takarda ɗaya.

Mataki na 9: Jera takardun yadda ya kamata

Idan ka yanke shawarar buɗe kamfani, fara da rajista a ofishin sakataren jiha, tare da amincewar hukumar lasisi inda ake buƙata. Sai ka nemi lambar EIN, wato lambar harajin kamfani, a shafin IRS. Kyauta ce, kada ka biya kowa. Da ita ka buɗe asusun banki na kamfani, kuma daga ranar kada kuɗin cefane ko na aikawa gida ya fita daga cikinsa kai tsaye. Tura wa asusunka tukuna. Cakuɗa kuɗi na daga cikin abubuwan da kan sa kotu ta yi watsi da kariyar kamfani. Mai aiki da sunansa ma ya ware asusu daban, don sauƙin lissafi.

Bayan nan ka sa a mayar da kwangilar da sunan kamfanin, ka miƙa wa asibitin sabon fom W-9 mai ɗauke da suna da lambar harajin kamfanin, in ba haka ba kuɗin zai ci gaba da zuwa da sunanka, kamfanin ya zama ado. Idan kamfanin ne zai riƙa cajin masu inshorar lafiya, sai ya samu tasa lambar NPI ta ƙungiya, wato lambar shaidar masu aikin lafiya, baya ga taka. Fom 2553 ana miƙa shi cikin wata biyu da kwana 15 daga farkon shekarar da kake son zaɓin ya fara, wato 15 ga Maris ga kamfanin da ya riga ya wanzu. Ka fara biyan kanka albashi a shekarar, ka miƙa fom 941 na harajin albashi duk wata uku, da 1120-S kafin 15 ga Maris na shekara mai zuwa. Kada ka shiga da garaje: wanda ya janye zaɓin S-corp yakan jira shekara 5 kafin a bar shi ya sake, sai da izinin IRS. Shiga kuwa a buɗe take kowace shekara, don haka babu laifi ka yi shekarar farko da sunanka ka ga ainihin abin da ke shigowa.

Kowane tsari ka ɗauka, harajin da ba a cire maka ba kai za ka riƙa kai shi da kanka sau huɗu: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairu, da fom 1040-ES. Don kauce wa tara, abin da ka biya cikin shekara ya kai kashi 90 na harajin bana, ko kashi 110 na harajin bara idan kuɗinka na bara ya haura dala 150,000. Jihar da ke karɓar harajin kuɗin shiga ita ma tana da nata jadawalin, kuma na Kalifoniya ya bambanta da na tarayya wajen yadda ake raba kason kowane zango, sai ka duba nata daban.